Lasifika biyar ko tara, wai yawa ne ke kawo daɗin sauti?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da zafi. Dan Allah masu sanin kayan sauti ku ba ni shawara. Watan jiya wani abokina da ke zuwa Kano saro kaya ya taho min da irin setin nan mai ƙananan lasifika biyar da babbar wufa guda mai fidda bas, an rubuta 5.1 jikin kwali har da hoton wani zaune jirgi na wuce mishi ta bayan kai. Na haɗa na kunna, ƙara kam akwai ta don har kwanukan madam rawa suke cikin kabad, amma wlh ban ji wani abu ya kewaye ni ba, duk daga gaba yake fitowa kamar tsohuwar rediyon babana sai dai ƙarfi. To ina da wasu tsoffin lasifika huɗu da suka rage daga wani seti da ya ƙone, tunanina in jona su su zama tara ko sautin zai cika ɗakin. Ya kuka gani?

Dije na Zango: Wa alaikumus salam angon bara. Jona kawai abokina, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ni in zan yi biki ba na fita da ƙasa da takwas

Mai gyara Kasuwar Dole: Dakata tukuna yaro kar ka jona komai. Ina ka ajiye biyar ɗin da kake da su? turo hoto mu gani

Ɗan Birni: Baba ga su nan duk bisa teburin tele, jere gwanin kyau, biyu dama biyu hagu ɗaya tsakiya. Madam ce ta jera su har da fulawar roba tsakaninsu

Maman Biyu: hhhhhh ai ta yi daidai, kayan ado ne

Mai gyara Kasuwar Dole: To ka gani. Ka tara su wuri guda kamar masu jiran mota a tasha sannan kana tambaya me ya sa ba ka ji abu bayanka ba. Wa ka aje bayan naka da zai yi magana? Wannan ita ce matsalar da na fi gani, mutum ya kawo min seti ya ce ya lalace, in na bi shi gida in tarar lahiyar seti lau, maigidan ne bai raba su ba.

Mushe na lise: Salam. Baba ya faɗi rabin maganar, bari in ƙara rabi. Wannan 5.1 ɗin ba ado ba ne, kowace lasifika da aikinta da kuma wurin zamanta, kuma wurin ma ba wai ra'ayin mai saidawa ba ne, akwai ƙa'ida da hukumar sadarwa ta duniya ITU mai mazauni a Janeba ta fitar tun 1992 kuma da ita masu haɗa sautin fim suke aiki. Hanya mafi sauƙi da zan kwatanta ma ita ce agogon bango. Ka ɗauka kai kana zaune tsakiyar agogo, tele na kan ƙarfe 12. Ta tsakiya a 12 take, sama ko ƙasan tele. Ta hagu a ƙarfe 11, ta dama a ƙarfe 1, wato digiri 30 kowane gefe. Biyun da suka rage su ne na kewaye, wurinsu tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato wajen ƙarfe 4 da ƙarfe 8, gefenka amma sun ɗan koma baya. Ita wufa ita ce ".1" ɗin, gurnani kawai take yi na ƙasa ƙasa, ba ta cikin lissafin agogo. Kai yanzu abin da ka yi duk ka cusa biyar ɗin tsakanin 12 saura kaɗan da 12 da kaɗan.

Ɗan Birni: Kai Mushe wlh yanzu na gane, dama na yi mamakin me ya sa biyu wayarsu ta fi tsawo, na naɗe ta na ɗaure da kyauro na tura bayan tebur

Mai gyara Kasuwar Dole: 😂 Allah ya shirye ka

Dije na Zango: Duk wannan lissafin boko ne. Ni dai abin da na sani in ka ƙara lasifika sauti na ƙaruwa, shekara nawa ina wannan aikin, daga Zango har Mirriya har Magarya an ɗauke ni biki ba wanda ya taɓa cewa in rage

Mushe na lise: Ba wanda ya ce ba ka san aikinka ba maigida, amma aikinka daban da nashi. Kai fili kake cikawa, mutum ɗari uku a titi an kafa rumfa kana son na ƙarshen layi ya ji kiɗa, kuma abu guda ne duk lasifikanka suke faɗi. Shi so yake ya ji mota ta taso daga hagu ta wuce dama, ruwan sama na zuba bayanshi, mai magana na gabanshi. Wannan ba ƙarfi ke kawo shi ba, bambanci ke kawo shi, kowace lasifika ta faɗi abin da 'yar'uwarta ba ta faɗa ba. Kuma ko ta wajen ƙarfin ma abin bai kai yadda ake zato ba, in ka ninka ƙarfin wuta sau biyu desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, kunne kuma sai an ƙara wajen desibel 10 yake cewa ƙara ta ninka, wato sai ka ninka ƙarfi sau goma kenan.

Dije na Zango: To naji. Amma dai tara ta fi biyar ko a lissafinku na lakkol

Mai gyara Kasuwar Dole: Tara ta fi biyar wajen kawo min aiki kam. Bari in gaya ma abin da zai faru in ya jona. Bayan ampili, wato akwatin da ke ba lasifikan ƙarfi, ramuka biyar ne, kenan sai ya murɗa waya biyu biyu ya cusa rami guda. Kowace lasifika akwai abin da aka rubuta bayanta, om 8 ko 6 ko 4, wato ma'aunin yadda take tare wuta. In ka haɗa biyu masu 8 a rami guda sun koma 4, in masu 4 ne sun koma 2, kuma duk sanda lambar ta sauka ampili wuta yake ƙara ja yana zafi. Irin waɗannan ƙananan setin ba su da wani ƙarfen sanyaya na kirki ciki, ga zafin garin nan watan Afrilu da Mayu ko ba ka kunna abu ba ya ɗau zafi, sai ka ji wari kamar ana ƙona roba shi ke nan. Kai Ɗan Birni wancan setin naka na da, ya aka yi ya ƙone?

Ɗan Birni: Baba kar ka tona min asiri cikin jama'a mana

Maman Biyu: Ya jona ya jona 🤣

Ɗan Birni: Ranar sunan ɗan yayata ne, guda biyu kawai na ƙara wlh

Mai gyara Kasuwar Dole: To ga amsarka nan ka ba kanka. Wata tambaya kuma, da me kake ba shi sauti? wace waya ce ta taso daga tele ko dekoda zuwa ampili?

Ɗan Birni: Mai kai biyu ɗin nan ja da fari. Wani lokaci kuma Bluetooth nake sawa daga salula, ko in soka kile, wato filashin USB, mai waƙoƙi

Mushe na lise: Yawwa nan ne gizo ke saƙa. Ja da fari layi biyu ne kawai, fari hagu ja dama, ba yadda za a yi layi shida su bi ta ciki a rarrabe. Bluetooth ɗin da muke jin waƙa da shi ma biyu ne, waƙoƙin MP3 da ke kile ma biyu, galibin abin da kake kallo a YouTube biyu, balle abin da aka tura ta WhatsApp wani ma layi ɗaya ne tak. Kenan ko ka kai lasifikan ƙarfe 4 da 8 yadda na ce, in abin da ke shiga biyu ne to seti sai dai ya yi dabara. Masu kyau suna da dabara ta gaske, irin Pro Logic da kamfanin Dolby ya fito da shi 1987, ya duba abin da yake iri ɗaya a hagu da dama ya tura shi tsakiya, abin da ya saɓa ya tura shi baya, kuma ba laifi yana daɗi. Masu araha kuwa da yawa kwafa kawai suke, abin da ke hagu na gaba shi za su zuba a hagu na baya. Gwaji mai sauƙi, ka kamo labarai inda mutum ɗaya ke magana, ka bi lasifikan ɗaya bayan ɗaya ka kara kunne. In muryar na fita ta duka biyar da ƙarfi ɗaya to kwafa yake, 5.1 ɗin a kwali ya tsaya. In kana son layi shida na gaske sai wayar HDMI ko wayar nan siririya mai jan haske a baki, ko kuma DVD da setin ke karantawa da kanshi, kuma fim ɗin ya zama dama can da tsarin sauti na Dolby Digital ko DTS aka haɗa shi.

Auta ɗan jami'a: Gafara dai manya, in sa baki? Mushe ni ban yarda gaba ɗaya ba cewa yawa ba shi da amfani. In haka ne me ya sa kullum ƙaruwa suke. An fara da ɗaya, aka koma biyu wanda wani ɗan Ingila Alan Blumlein ya yi wa rajista tun 1931, aka zo 5.1 a silima farkon shekarun 1990, aka zo 7.1, a 2012 Dolby suka kawo Atmos wanda zauren silima zai iya kai lasifika 64 kowace da layinta har da na rufi bisa kai, gidan telebijin na Japan NHK kuma suna da 22.2, lasifika 24 hawa uku, tara sama goma daidai kunne uku ƙasa da wufa biyu. Waɗannan duk ba su san abin da suke ba ne?

Dije na Zango: Yawwa ƙanena faɗa musu!! 64 fa

Mushe na lise: Auta ban ce ba shi da amfani ba, karanta da kyau. Yana da amfani in sharaɗi ya cika, kuma bari in faɗi dalilin da ya sa ake ƙarawa don shi ne zai nuna ma inda ƙarin ke ƙarewa. Kunne biyu gare mu, ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta wane kunne ya riga ji da wane ya fi ji da ƙarfi, kuma ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. In lasifika biyu na gabanka a 11 da 1 suna faɗin abu guda da ƙarfi guda, ƙwaƙwalwa sai ta ruɗe ta ce daga tsakiya ne, wurin da ba lasifika ko ɗaya. Wannan ruɗin shi ne duk sirrin sitiriyo. Amma yana da rauni biyu. Na farko sai kana daidai tsakiya, sauti na tahiyar mita 343 a daƙiƙa, da zafinmu na digiri 40 ma ya kai wajen 355, wato kusan santimita 34 duk kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, to in ka fi kusa da ta hagu da taku ɗaya kawai ita za ta riga isowa kuma kunne na bin wanda ya riga zuwa ne, sai muryar duk ta gudu hagu. Na biyu ruɗin ba ya kamawa da kyau a gefe, tsakanin ta ƙarfe 1 da ta ƙarfe 4 rata ce babba kuma duk kunne ɗaya suke kallo, sauti ba ya tsayawa tsakaninsu sai dai ya yi tsalle daga wannan zuwa waccan. To duk lasifikar da aka ƙara rami ake toshewa. Ta tsakiya ta toshe ramin gaba, ko ina ka zauna magana na fitowa daga tele. A 7.1 sai a sa biyu wajen ƙarfe 3 da 9, biyu wajen 5 da 7, an toshe ramin gefe da baya. Na rufi su kawo sama. A silima mutum ɗaruruwa ne kuma kusan ba wanda ke tsakiya shi ya sa suke buƙatar da yawa. Amma kowace da layinta Auta, kai ma ka faɗa da bakinka. Shi Ɗan Birni layi biyu zai raba wa baki tara.

Auta ɗan jami'a: Eh wannan kam gaskiya ne. Ma akwai wani abu da na karanta da ya ɗaure min kai lokacin, wani tsari da ake ce wa Ambisonics da Michael Gerzon na Oxford da abokan aikinshi suka yi shekarun 1970, shi ba ya ɗaukar sauti don lasifika kaza, yana ɗaukar yadda sauti yake ta kowace fuska ne sai daga baya a raba wa ko nawa gare ka. Matakin farko layi 4 ne, na biyu 9, na uku 16. To wai in kana da na layi 4 ka baza shi a lasifika masu yawan gaske ba ya ƙara fitowa tsaf, har ma muryar na iya canza launi in ka ɗan gusa daga tsakiya, don maƙwabtan lasifika da yawa kusan abu guda suke faɗi suna taka juna. Lokacin na ce ya za a yi ƙari ya ɓata abu

Mushe na lise: Haka ne kuma lissafin ba wuya. Sauti igiya ce mai tudu da kwari. In lasifika biyu na faɗin abu guda amma ɗaya ta fi ɗaya nisa da kai da santimita 34, a wajen 500 Hz, wato igiya 500 a daƙiƙa, tudun wannan zai faɗa kwarin waccan su kashe juna, haka a 1500, haka a 2500, kuma nan ne muryar mutum take zaune. Sai ka ji magana ta zama kamar daga cikin tulu. Ka gusa kai kaɗan wuraren da ke mutuwa su canza. Da biyu kenan, yi tunanin tara cikin ɗaki guda kowace da nisanta.

Mai gyara Kasuwar Dole: Ni ban san Hz ba amma na san tulun. Kuma akwai na biyu da ya fi wannan sauƙi, mutum ya juya waya, ja a wurin baƙi, a lasifika guda kawai. Sai ɗaya na turawa ɗaya na ja, bas ya ɓace gaba ɗaya sauti ya zama ba ya nan ba ya can. Da biyu za ka gane da wuri, da tara sai ka kwana kana nema.

Maman Biyu: Ni dai tunda masana sun hallara ga tawa. Namu setin in ana fim kiɗa da harbi kamar za su tsaga bango amma in aka zo magana sai ka ce raɗa suke, maigida ya ƙara murya don ya ji me aka ce, can sai a yi wata fashewa yara su farka da kuka, ni da rimot muke kwana a hannu. Shi ma cewa yake wai sai ya ƙaro lasifika. Me ke kawo haka?

Mai gyara Kasuwar Dole: Hajiya ta tsakiyar tana ina?

Maman Biyu: Wace ce ta tsakiya, doguwar nan mai kwance? tana cikin kabad ƙasan tele, an rufe da gilas saboda ƙura da yara

Mai gyara Kasuwar Dole: To ita ce mai maganar kuka kulle. A fim na 5.1 kusan duk hirar mutane ta nan take fita. Ku fiddo ta ku sa bakin tebur tana kallon masu zama, kar a tura ta can ciki. Sannan a rimot ko cikin menu akwai inda ake ƙara wa kowace ƙarfi ita kaɗai, ku ƙara wa ta tsakiya biyu ko uku ku rage wufa. Wasu setin suna da abin da suke kira yanayin dare, yana danne fashewar ya ɗaga maganar. Ki ce wa Alhaji ya riƙe kuɗinshi ya sai wa 'yan biyu takalma

Maman Biyu: Allah ya saka Baba, wannan saƙon kam har shi zan tura wa

Mai gidan kallo Karkada: Ni kuma fa jama'a, nawa ba salo ba ne, rumfar kwano ce doguwa wajen mita 15 da benci benci, ranar babban wasa na baya ba sa jin mai sharhi sai ihun na gaba. Dije ya ce in sa takwas. In sai 7.1 ne?

Mushe na lise: A'a kai 7.1 asarar kuɗi ce gare ka, ba wanda ya zo ya ji ƙwallo ta wuce mishi ta bayan kunne, so suke su ji sunan wanda ya ci. A nan Dije ya fi ni gaskiya, ƙari zai taimake ka, amma ba don kewaye ba, don rabo. Maimakon manya biyu a gaba suna kurmantar da benci na farko, ka sa matsakaita a gaba da wasu biyu wajen tsakiyar rumfa a sama, duk suna kallon baya, kar ka sa wasu a ƙarshe suna kallon gaba su yi karo. Na tsakiyar ka rage musu murya. Ka san yadda kiran salla ke isowa in kana tsakanin lasifika biyu na masallaci ɗaya masu nisa da juna, kalma ta zo sannan ta sake zuwa? in ratar ta kai wajen mita 17 kunne ya fara jin su biyu daban. Taka rumfar ba ta kai nan ba in ka sa na biyun a tsakiya, za ka tsira.

Dije na Zango: A rubuta a ajiye, yau Mushe ya ce na fi shi gaskiya

Mai gyara Kasuwar Dole: Kuma kai ma ka duba om kafin ka jona, ko ka nemi ampili na biyu. Kar ka kula da wat dubu kaza da suke bugawa jikin kwali da manyan baƙaƙe PMPO, wannan lambar talla ce, ka nemi inda aka sa RMS da ƙananan baƙaƙe shi ne na gaske

Ɗan Birni: To ni yanzu Mushe in na samu kuɗi gaba in koma 7.1 ko mai na rufin nan? salona mita 4 ne da 4 da rabi haka, kujera jingine da bango

Mushe na lise: In kujera na jingine da bango ina za ka sa na ƙarfe 5 da 7, gidan maƙwabci? Suna son fili bayanka ko da mita ɗaya ne, in ba haka ba suna bisa ƙeyarka ne kuma su da na gefe duk abu guda za ka ji. Ni a ganina a ɗaki irin naka babban tsalle shi ne daga lasifikar cikin tele zuwa biyu masu kyau da aka raba daidai, sai ƙarin ta tsakiya da wufa, sai biyun kewaye. Daga nan duk abin da ka ƙara ribar na raguwa kuɗin na hawa, ga shi finafinan da aka haɗa da 7.1 ko Atmos ba su ne muke samu a kile wajen masu turi ba. Da a ba ni ƙanana tara marasa kyau gara a ba ni biyu na kirki da wufa wlh. Kuma abin da ba wanda ya taɓo, ɗakin kanshi. Ƙasanka karo ne, wato tayil?

Ɗan Birni: Karo ne, bango siminti, sama kwano da silin

Mushe na lise: Tafa hannu sau ɗaya tsakiyar ɗakin ka saurara, za ka ji wani ƙyar-ƙyar na bin baya. Duk bangon nan lasifika ne da ba ka saya ba, suna maido sauti ta ko'ina su dagula ma inda ya fito, kuma yawan lasifika yawan abin da za su maido. Shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri tsakaninka da tele, labule mai nauyi a taga, ko kabad ɗin kayan madam ma taimako yake don yana wargaza sauti. Ɗakin kakata na ƙasa cikin Birni mai rufin azara da tabarmi da gado da tarin kaya, 'yar rediyo mai batir in tana magana ciki kamar mutumin na zaune kusa da kai, na sha mamakin abin tun ina yaro sai da na girma na gane bangon ne ba sumul ba kuma kaya sun cika ɗakin.

Auta ɗan jami'a: Wufa kuma Yaya Ɗan Birni, tunda ƙasa da wajen 80 Hz kunne ba ya gane daga ina gurnani ke fitowa ba dole ta zauna gaba ba. Dabara ita ce ka ɗora ta bisa kujerar da kake zama ka sa waƙa mai bas, ka bi gindin bango da rarrafe kana saurare, inda ka ji bas ɗin ya fito tsaf ba ya kumbura to nan za ka ajiye ta. A lungu tana ƙara ƙarfi amma sau da yawa sai ta koma buu buu kawai

Maman Biyu: Dan Allah in za ka yi rarrafen a ɗauko mana bidiyo

Ɗan Birni: Jama'a na dawo. Jiya bayan isha na kwance wayoyin, na buga ƙusa biyu na rataye na kewayen gefe da gefe sama da kai kaɗan, kujerar na jawo ta gaba kamar taku ɗaya, na gaba na raba su iyakar faɗin tebur da ɗan ƙari bisa kujerun roba. Na yi gwajin labarai, alhamdulillah ba kwafa yake ba, muryar ta tsakiya take fita na baya shiru sai ɗan kiɗa. Bayan ampili ashe akwai ramin wayar hasken nan da ɗan murfi ban taɓa lura ba, na karɓo aro wajen maƙwabcina na gwada da wani fim da ake ruwan sama ciki, wlh sai da madam ta leƙa tsakar gida wai ko ta kwashe shanya, a watan Maris fa. Na hagun baya ne dai ke ɗan fin ƙarfi don ya fi kusa da inda nake zama, na rage mishi biyu ya daidaita. Rarrafe kuma ban yi ba Hajiya.

Dije na Zango: To huɗun nan da suka rage tunda ba ka so nawa za ka bar min su

Ɗan Birni: Ɗaya ta fashe tana zizzz, ukun ka ba da jikka shida

Dije na Zango: Huɗu. Kuma ka haɗo da fasasshiyar Baba zai naɗa min ita

Mai gyara Kasuwar Dole: Kawo ta da safe kafin rana ta yi, in takardar ce ta yage da sauƙi, in zaren ciki ne ya ƙone sai na duba ko ina da irinshi. Kai kuma Ɗan Birni wayar da ka ja zuwa baya ta ina ta bi?

Ɗan Birni: Ta ƙasa Baba, gefen bango, sai wajen ƙofa ta ɗan ƙetare

Mai gyara Kasuwar Dole: Ɗaga ta yau ɗin nan ka bi da ita saman ƙofa da 'yan ƙusoshin waya, yaron gidanku da ke rarrafe ko mai shara ɗaya zai fizge ta ya sauko ma da lasifikar bisa kai

Maman Biyu: Mu ma mun fiddo tamu daga kabad, magana ta fito kam. Yanzu rigimar ita ce wa zai riƙa goge mata ƙura